Masu Dakon Barci

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba ƙafa tafiya ya ba ido barci, ya auna wa kowane kai kayan da zai ɗauka. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Korau ɗan Anaruwa, mutumin Gangaren Ɗorawa, garin da ko kun nema ba za ku samu ba, domin kogi ya taso da wata damina ya lashe shi, ya haɗa da gidana da rumbuna da matata Tasalla. Ranar ina kasuwar wani gari, shi ya sa kuke jin wannan labari daga bakina.

Tun ina yaro aka san ni da nauyin barci. Abokan wasana kan ce ko a bayan jaki aka ɗora ni sai na yi minshari kafin a isa gona, ni kuwa ban taɓa ƙaryata su ba. Amma bayan rasuwar Tasalla barcin nan ya zama mini wani abu daban. Da na rufe ido sai in tarar da garinmu tsaye cak, ko tsaga babu a katanga, hayaƙi na tashi daga madafa, ita kuma tana tsakar gida tana yi mini tsiyar da ta saba. Mafarki ɗaya ne, kullum shi ne, ban taɓa gajiya da shi ba. Mutane suna ta cewa Korau ya zama rago, ba su san gida nake zuwa ba.

Sai mafarkin ya fara koɗewa kamar zanen da ya sha wanki. Gidajen maƙwabta suka fara ɓacewa, sannan ɗorawar ƙofar gida, sannan zaure. Ranar da na shiga na kasa ganin kitson kanta sosai, na farka cikin tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Na ɗauki sandata da buzuna na shiga duniya, neman wanda ya san yadda ake adana mafarki. Malamai suka ce in yi haƙuri, bokaye suka ce in kawo baƙin zakara. Wani tsohon falke ne kaɗai ya dube ni da kyau, ya ce, "Bayan Dajin Hamma akwai Ƙasar La'asar. Can ana tatsar barci kamar nono. In akwai mai iya ɗaure mafarki a duniya, to can yake. Amma ka sani, yaƙi suke yi."

Na ce masa ni da ba ni da komai, me yaƙi zai ci a jikina?

Dajin Hamma ba zaki ba kura, amma ban taɓa shiga wuri mai hatsarinsa ba. Kowace bishiya da baki a gindinta, tana buɗe shi a hankali tana hamma, doguwa, mai daɗi, har da ɗan nishi a ƙarshe. Kun dai san halin hamma, ba ta tsayawa a baki ɗaya. Duk matafiyin da ya amsa sai ya ce bari ya ɗan zauna, nan saiwa za ta fito masa, ya zama ɗaya daga cikinsu. Na ga wata bishiya da rawani a reshenta, na ga wata da takalmi a gindi. To ku dubi mutum irina a wannan wuri! Ban yi nisa ba muƙamuƙina ya fara rawa. Sai na lalubo ɓawon maɗaci a jakata na cusa a baki, na kama faɗa da ƙarfi ni kaɗai, ina tuno duk wanda ya taɓa ɓata mini rai tun daga yaye, ina rama zagi ɗaya bayan ɗaya, don na lura mutum ba ya iya hamma yana tsakiyar masifa. Haka na ratsa dajin, itatuwa na rufe bakunansu don mamaki, har na fito ɗaya gefen da sauran zagi a bakina da na rasa wanda zan ba.

Can na iske rana tsaye a inda takan kai da la'asar sakaliya, kuma a nan take zama har abada, ba ta gaba ba ta baya. Haske ja-ja ya kwanta a kan komai, inuwar kaza ta kai tsawon mutum, iska na kaɗawa da ƙanshin ciyawar da aka yanka. Na gangara wani gari mai suna Kwarin Zuma, inda na ga abin da ya tsayar da ni. Ƙarƙashin kowace bishiya mutane ne kwance a tabarmi, maza gefe mata gefe, an kanga wa kowa siririn kara a kunne, ɗaya bakin karan cikin gora. Garin shiru, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis, ɗis.

Aka kai ni gaban Sarkin Gora, wani mutum mai taushin murya da nauyin fatar ido, sunansa Cindo. Shi ke kula da tatsar barci a garin. Da muka gaisa na tambaye shi ma'anar abin da na gani.

Ya ce, "Baƙo, garuruwa uku ne mu, alkawarinmu ɗaya. Bakin Gishiri na can gaba, su ke riƙe da ganuwa. Bayan ganuwar akwai Farin Fili, inda Marasa Inuwa ke fitowa. Ba sa barci, ba sa gajiya, garin da suka shiga kuwa sai ya koma fari fat, ba kukan jariri ba carar zakara. Mutanen Bakin Gishiri ba su da damar kwanciya. Sai kakanninmu suka ce, to ku ba da ido, mu mu ba da barci. Mu da mutanen Dutsen Kaɗi muke kwanciya a madadinsu, a tatsa, a kai musu. Mayaƙi ya kurɓa, ya lumshe ido gwargwadon haɗiyar yawu, ya buɗe garau."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce, "Ai ka zo gidan abin. Kwanta."

Ba a taɓa ba ni umarnin da na bi da sauri irin wannan ba. Da na farka sai na ga mutane sun kewaye ni suna riƙe baki, goruna jere a gefena cike da barci mai kauri kamar kindirmo. Cindo ya sa aka kawo ƙyalle, aka tace yadda mata ke tace gasara. Ruwan ya wuce ƙasa tsululu. A kan ƙyallen wani abu ya rage, bai fi goro girma ba, yana ƙyalli yana motsi a hankali. Ya kwashe shi da cokalin duma ya zuba a ɗan tandu, ya toshe, ya rataya mini a wuya.

Ya ce, "Ga mafarkinka. Muddin yana nan ciki ba ya koɗewa. In ka yi marmari ka buɗe ka shaƙa. Sai dai kar ka bari ya shiga bakin wani, don wanda ya sha shi ne mai shi, kai kuma ba zai ƙara zuwa maka ba har abada."

Na buɗe na shaƙa. Ga zaure, ga ɗorawa, ga gidajen maƙwabta, ga Tasalla da kitsonta layi-layi, har ɗan tabon ƙunar da ke hannunta. Na durƙusa a gaban mutane na yi kuka, ban ji kunya ba. Abin da na baro duniya nema ke nan, ga shi a ƙirjina.

Da na share ido na nuna ruwan da aka tace, na ce, "Ranka ya daɗe, to su na bakin ganuwa haka suke sha, ba mafarki?"

Ya ce, "Barci aka ce a alkawari. Ba a ce mafarki ba. Kuma a je a tambaya, gorunanmu sun fi na kowa yawa."

Ban ja maganar ba, don hankalina na kan tanduna. Amma Cindo ya riga ya ga abin da ya gani: baƙo ɗaya zai iya cika rabon unguwa guda. Aka ba ni ɗaki mai sanyi da shimfiɗa mai laushi, ana ɗura mini fura da zuma, aka tsayar da ƙarti a bakin ƙofa, wai don kada a dame ni. Ta taga ina hango mutanen unguwar, waɗanda a da suke kwance, sun miƙe suna dara a inuwa suna shewa. Nan na gane na zama saniyar tatsa, kuma ba ranar sallama. Sai na koma ga sauran maɗacina. Ina taunawa a ɓoye, ina juye-juye a shimfiɗa, gora ta bushe ƙamas. Cindo ya zo hankali tashe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, barcina na talaka ne. Daɗi ba ya kawo shi. Sai na ɗauki kaya na yi doguwar tafiya yake sauka, in ya sauka kuwa sai kun nemi ƙarin goruna."

Kwaɗayi ya rufe masa ido. Ya sa ni cikin ayarin masu dakon barci da ke shirin tafiya Bakin Gishiri, ya danƙa ni a hannun madugunsu, wani dattijo dogo mai ƙarancin magana, Baba Jatau.

Barci kaya ne mai nauyi, wanda bai ɗauka a ka ba ba zai sani ba. Tururinsa na fita ta bakin goruna, dole ayari ya yi ta waƙa don kada a zube a hanya. Tsuntsayen da suka gitta ta samanmu sai su saki fukafukai su yi ta shawagi ido rufe, iska na tafiya da su. Muka ratsa gonakin da dawa ke sunkuyar da kai in mun wuce, muka haye wani rafi da ya daina gudu har sai da na ƙarshenmu ya fita. Ni dai ina tafe hannuna ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan tandu.

A wani zango Baba Jatau ya dube ni ina shaƙa, ya ce, "Ɗana, da can ba a tace barcin nan. Ina saurayi in mun kai kaya, mayaƙi zai sha, ya buɗe ido yana murmushi, ya ce, Jatau, akuyar gidan wance ta haihu kuwa? Alhali bai taɓa taka Kwarin Zuma ba. Sun san tsakar gidajenmu, sun san sunayen 'ya'yanmu, duk ta cikin barcin da muke kai musu. Sai wani attajiri ya ce shi ba zai ƙara ba da mafarkinsa ba, don ɗansa da ya mutu na ciki. Wa zai ga laifinsa? Aka tace masa. Daga nan kowa ya tuna shi ma yana da abin da ba ya so ya rasa."

A mararraba muka haɗu da ayarin Dutsen Kaɗi, mata ne akasari, shugabarsu wata 'yar ƙaramar mace mai kaifin harshe, Ladingo. Ko gaisuwa ba a gama ba ta leƙa gorar Baba Jatau ta taɓe baki.

Ta ce, "Wannan ne gudummawar masu zuma? Ai ko wankin kwano ya fi shi kauri."

Ya ce, "Buɗe naki mu gani."

Ta ce, "Ku kuka fara tacewa! Mu 'yan kaɗan ne, a kan dutse muke kwanciya, ga kaɗi ga saƙa. Ku da kuke da katifu ku riƙe mafarkanku, mu mu ba da namu? Ranar da kuka daina tata, mu ma mu daina."

Ya ce, "Haka namu ma suke faɗa a kanku."

Aka ci gaba da tafiya, kowane ayari a gefensa na hanya, kowa na ƙirga gorunan ɗan'uwansa da wutsiyar ido.

Tun daga nesa na fara jin muryoyin. Ganuwar Bakin Gishiri doguwa ce, ta jar ƙasa, bayanta kuwa fari ne har iyakar gani. Na hau na leƙa. Ga su nan tsaye ba iyaka, dogaye, farare, kowa da mashin gishiri a hannu, rana na dukansu amma ba ko ɗigon inuwa a ƙasa. Ba sa ihu. Cikin murya mai sanyi, kamar uwa na lallashin ɗa, suke ta maimaita magana ɗaya: "Me kake tsaro? Sauko ka huta. Me kake tsaro?"

Mayaƙan ganuwa suka zo karɓar barci. Suna sha, suna lumshe ido, suna buɗewa, jiki ya miƙe amma idon a bushe, ba mai cewa sannunku da hanya. Ina tsaye wani daga cikinsu, ƙaƙƙarfa, ya ajiye gora, ya saurari muryoyin, ya dafe goshi kamar mai neman kalmar da ta ɓace masa. Sai ya jingine bakansa a hankali, ya kama igiya ya sauka ta waje. Inuwarsa ce ta fara barinsa, ta tsaya a jikin ganuwa, shi kuma ya shige cikin fararen nan har na kasa bambance shi. Ba wanda ya kira sunansa.

Baba Jatau ya ce, "Mu je wurin Uwar Ƙofa."

A al'adarsu mace ce ke riƙe babbar ƙofa, ta jingina bayanta da ita, kuma muddin ba ta zare sakata da hannunta ba, ba ƙarfin da zai buɗe. Sunanta Hansai. Mace ce mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye rabin kanta. Da muka isa ba a jingine take ba. Ta juya tana fuskantar ƙofar, hannunta a kan sakata.

Baba Jatau ya sauke kayansa, ya ce, "Uwar Ƙofa, ranki ya daɗe, ga barci mun kawo."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na sha, Jatau. Kullum ina sha. An ce ina da 'ya'ya a cikin ganuwar nan, an ce akwai garuruwa. Na duba cikina ban ga kowa ba. Mutanen nan tambaya suke yi, kuma tambayarsu da gaskiya. Kai ka san amsa?"

Ya ce, "Mu kike tsaro."

Ta ce, "Ku su wa?"

Sakatar ta motsa, ta yi ƙara. Masu dako duka suka yi cirko-cirko, na Kwarin Zuma suna duban na Dutsen Kaɗi, na Dutsen Kaɗi suna duban na Kwarin Zuma. Duk mafarkan garuruwan biyu na can gida cikin tukwane. A duk faɗin ganuwar nan mafarki ɗaya ne tak, kuma a wuyana yake.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na duba hanya. Ni baƙo ne, ban yi alkawari da kowa ba, ƙafafuna lafiya lau, kafin fararen nan su gama shigowa na yi nisa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin Cindo, na ji haushin Ladingo, na ji haushin matar nan da ta rasa lokacin gajiya sai da na zo. Me ya sa ni? Su da ke da tukwane cike, ni da ɗan tandu ɗaya, kuma a cikinsa duk abin da kogi ya bar mini yake. Na so in buɗe in shaƙa ko sau ɗaya na bankwana, amma na san in na ga fuskarta ba zan iya ba. Sai na tsinke igiyar, na zare toshiya na kau da kai, na juye shi cikin gorar Baba Jatau.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ki ƙara kurɓa ɗaya. Wannan ba irin wancan ba ne."

Ta karɓa don dai in ƙyale ta. Ta kurɓa, ta lumshe ido. Ni kuwa na ji wani abu ya zare daga ƙirjina a hankali, ba zafi, kamar an cire zare daga allura. Da ta buɗe ido, hawaye ne ya fara zubowa. Ta dubi hannunta a kan sakata, ta tura ta da ƙarfi har ganuwa ta amsa, ta juya ta kafa bayanta, ta ɗaga murya: "Kai, ku na sama! Wa ya ce ku jingine baka? Akwai mutane a bayanmu, akwai hayaƙi a madafa!"

Aka ji ƙarar kwari da baka daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ladingo ta daɗe tana kallon tanduna da ke yashe a ƙasa. Sai ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a gindin ganuwa, ta kwanta, ta ce wa wata cikin matanta, "Kawo kara. In kika kawo ƙyalle kusa da ni sai na ci mutuncinki." Baba Jatau ya kwanta shi ma. Ɗaya bayan ɗaya masu dako suka zube, ba a ƙara sanin wane ne na wane gari ba, mayaƙa na saukowa bi da bi suna sha da ɗuminsa.

Ni ma na kwanta, don gajiya ta ci ƙarfina. Na yi barci mai nauyi irin nawa, baƙi ƙirin, ba gari ba gida ba kowa. Da na farka na san an taɓa yin wata mace Tasalla, na san matata ce, na san ina sonta. Na nemi fuskarta na rasa. Baƙin cikin da na ji a lokacin ya fi na ranar kogi.

Uwar Ƙofa ta aiko a kira ni. Na same ta jingine da ƙofarta, idonta ya yi sanyi.

Ta ce, "Bawan Allah, kai ne Korau?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Na sake kurɓa, na sake komawa gidan nan. Matar ta tuƙa tuwo ta kwashe, ta rufe da faifai, ta zauna tana duban zaure. Na ce ta ci, ta ce sai Korau ya shigo. In na koma me zan ce mata?"

Muryoyin Farin Fili na ta tambayarsu a bayan ƙofa, ba mai kula su.

Na ce, "Kar ki ce mata komai. Ki wanke hannu ki zauna ku ci tare. Ba ta iya cin abinci ita kaɗai."